Fentin Motar Sista

Wata biyu ke nan da likita ya ɗaga hoton ƙirjin Baba Maifenti ya duba, ya ce masa ya ajiye bindigar feshi, kuma tun daga ranar zama ya gagare shi. Shekara arba'in da 'yan kai yana yi wa motoci fenti, yau an ce ya koma gida ya huta. Ya kwance fankar falo ya wanke ya mayar, washegari ya sake kwance ta. Ya gyara famfon da bai taɓa ɗiga ba har sai da ya fara ɗiga. A sati ɗaya ya canza wa kujeru wuri sau uku, har matarsa ta yi tuntuɓe da tebur tana ɗauke da tiren shayi.

"Don Allah maigida, ka tafi garejin nan ko kallo ka riƙa yi," in ji ta. "Ka bar mini gidana in san inda kayana suke."

Shi ke nan kullum da safe sai ya saka hularsa ya tafi. Rumfarsa na nan yadda ya bar ta, bangon kwanon ya sha launi iri-iri har ya yi kauri, kwamfaresa na lulluɓe da tamfol a lungu. Ba ya buɗe ta. Benci yake ja ya zauna kusa da maƙwabcinsa bakanike, wanda kowa ke kira Sifana, wai don bakinsa a buɗe yake ta kowane gefe kamar na sifanar kwance noti. Shekara talatin suna tare, kuma ba a taɓa yin ranar da ba su yi musu ba.

Wata Talata da hantsi sai ga janwe ta shigo da baya, tana jan wata tsohuwar mota mai ƙusumbi, tayoyinta huɗu duk a kwance, ƙura ta rufe ta ba a gane launinta. Wani mutum mai furfura kaɗan ya diro daga wata sabuwar mota, makulli na ƙara a hannunsa, yana magana yana duba agogo. Direban janwe na ce masa Injiniya.

"Kai ne Baba Maifenti? An ce mini duk garin nan kai kaɗai za ka iya haɗa launin motar nan."

Ya yi bayani a tsaye. Motar mahaifiyarsa ce, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti mai karɓar haihuwa, wadda har 'ya'yanta Sista suke ce mata. Sabuwa dal ta saye ta tun yana ɗan firamare, ita kaɗai ta tuƙa ta, da idonta ya yi rauni ta kulle ta a garejin gida, yau shekara goma sha tara. Yanzu tsufa ya taɓa mata tunani, ba ta cika gane mutane ba. Likita ya ce a riƙa nuna mata abubuwan da ta saba da su.

"Ina so ta koma kamar ranar da aka sayo ta. A kankare, a cike, a fesa, a canza kujeru. Kwana goma gare ni kafin in koma wurin aiki."

"Ai likita ya hana shi," in ji Sifana daga ƙarƙashin wata mota.

Baba ya taka masa ƙafar da ta leƙo waje. "Shaƙa aka hana ni, kuma ina da takunkumi. Sauke ta nan, Injiniya."

Ransa fari fat ya ɗebo ruwa da soso da kansa. Amma yana zuba bokitin farko a kan bonet sai ya tsaya. Fentin kore ne mai duhu, irin na kwalba, ya ɗan koɗe a rufi da saman bonet inda rana ta fi duka, a gefe kuwa yana nan da zurfinsa kamar ruwan rijiya. Ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ya ɗauko ɗan maganaɗisun da yake gwada motoci da shi, wanda ke zamewa duk inda aka taɓa cike lotsawa, ya bi jikin motar da shi tun daga fitilar gaba har bamba ta baya. Ko'ina kamawa yake. Babu mai fentin da ya taɓa sa wa motar nan hannu tun da ta fito daga kamfani. A ƙarƙashin bonet har da wata lamba da wani ma'aikaci ya rubuta da alli, ba ta goge ba.

Ya buɗe ƙofa da kyar, don sai an ɗaga mariƙin an ɗan tura. Ƙamshin tsohuwar fata da na maganin wanke rauni ya bugo shi. Kujerar direba ta lotsa daidai jikin mutum ɗaya, ƙaramin mutum. Sitiyari ya yi santsi a wuri biyu. A saman ƙofar, inda gilashi ke sauka, akwai wani wuri kamar faɗin ƙwai da fentin ya cinye har ya kai ga farar shimfiɗar ƙasa, sumul kamar dutsen bakin rafi. Gwiwar hannu ce ta yi wannan, shekara da shekaru. A but kuma ga zanen akwati mai kusurwa huɗu a kan shimfiɗa, inda jakar aikinta ke zama. Lahani ɗaya ya gani, wata 'yar lotsawa a bayan tayar baya ta hagu.

Ranar bai taɓa samfefar kankare fenti ba. Washegari ya yanko ta, ya jiƙa a ruwa, ya zagaya motar sau biyu yana neman inda zai fara, ya mayar da ita cikin bokiti. Shi kuwa Sifana ya wanke tanki, ya canza fulogi da batir da tayoyi, a rana ta uku injin ya yi tari sau biyu ya tashi, yana bugawa a hankali kamar keken ɗinki.

"Ka ji nawa aikin," in ji shi yana goge hannu. "Kai kuma kwana uku kana zagaya ta kamar mai neman aurenta. In kunya kake ji in yi maka magana da iyayenta."

"Kai me ka sani ban da baƙin mai? Zo ka ga wannan fentin. Wanda ya fesa shi ya daɗe a ƙasa, amma dubi, ko ɗigo ɗaya babu. Ni nan na fesa mota ta fi dubu, duk ƙarya na rufe. Wannan ba ta da abin ɓoyewa."

"To ka gaya wa mai ita mana."

Abin da ya kasa ke nan. Hannunsa ƙaiƙayin aiki yake yi, wata biyu yana mafarkin ƙarar kwamfaresa, ga aiki ya zo har rumfa, wataƙila ma na ƙarshe, kuma an zo ne don sunansa. A gida abin ya ƙara tsananta. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo. Abinci sai ya jagwalgwala ya ture.

"Da rashin aiki ne, yanzu kuma me?" matarsa ta tambaya.

"Aikin ne."

"To Allah ya kawo mana na ukunsu mu gani, ko shi zai zaunar da kai."

Injiniya kullum sai ya bugo waya, Baba na ce masa ana shiri. Rana ta biyar ya zo da kansa, ya tarar da mota a wanke tana ƙyalli, ba a taɓa ta ba. Fuskarsa ta canza.

"Baba, na girmama ka na kawo maka aiki. In ƙarfi ya ƙare ba abin kunya ba ne, ka faɗa mini. Akwai sabon gareji a bayan tasha, har ɗakin gasa fenti gare su, kwana uku za su gama."

Da ya tsaya a kan maganar kwanaki da Baba ya samu bakin yi masa bayani. Amma maganar ƙarfi ta soke shi, ga kanikawa sun daina aiki suna kallo. Ya tsoma hannu a bokiti ya ɗauko samfefa mai kaushi, ya durƙusa gaban ƙofar direba, ƙasa da mariƙi, ya shiga gurzawa da dukkan ƙarfinsa. Kafin a ce me, ya buɗe wuri kamar tafin hannu, toka-toka. Koren ruwa ya gangaro ta gwiwar hannunsa yana ɗiga a ƙasa.

"Yauwa, ko kai fa," in ji Injiniya. Ya duba agogo ya tafi.

Baba ya daɗe a durƙushe yana kallon ruwan. Ji ya yi kamar ya ɗaga hannu ya mari dattijo a bainar jama'a. Sifana ya zo ya tsaya a kansa, ya duba wurin, ya koma ƙarƙashin motarsa.

Da la'asar Baba ya nemo direban janwe ya karɓi kwatancen gidan. Gida ne na da, mai baranda da bishiyar lemo a tsakar gida. Ƙanwar Injiniya ce ta buɗe masa, malamar makaranta ce, ita ke zaune da mahaifiyar. Ya gaya mata ko shi wane ne, ta shigar da shi.

Sista na zaune a baranda, 'yar ƙaramar tsohuwa da tabarau mai kauri, tana ninke tawul tana warwarewa tana sake ninkewa. Ya durƙusa zai gaishe ta sai tari ya sarƙe shi. Ta ajiye tawul ta kamo wuyan hannunsa da yatsu biyu, ta juya tafin ta duba faratansa.

"Tun yaushe kake wannan tarin?"

"Ya kwan biyu, ranki ya daɗe."

"Kullum haka kuke, sai abu ya ci ƙarfinku ku zo. Ke," ta juya wurin 'yarta, "ba shi kati ya bi layi."

Malama ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta ja shi gefe. Ya faɗa mata abin da ya kawo shi: a kai tsohuwar ta ga motarta yadda take, ko sau ɗaya, kafin ya ƙarasa ɓarnar da ya fara.

"Na gaya wa Yaya tun farko," in ji ta. "Amma kada ka ga laifinsa, Baba. Minti goma ba ya iya yi kusa da ita. Ranar da ya iso ta tambaye shi ko shi ne sabon direban asibiti. Ya fita ya zauna a mota ya fi awa. Washegari ya kira janwe. So yake ya ga ya gyara wani abu."

"Za ki kawo ta?"

"Zan kawo ta. Faɗan kuma mu raba ni da kai."

Washegari da hantsi tasi ta sauke su a bakin gareji. Malama ta riga ta gaya wa yayanta, don haka ya riga su isowa, yana kai kawo yana faɗa ƙasa-ƙasa: a fito da tsohuwa cikin hayaƙi da ƙarar guduma, a nuna mata aikin da ba a gama ba, wannan wane irin tunani ne? Baba ya sunkuyar da kai yana sauraro. Ya riga ya sa an turo motar waje, ya tsaya daidai gaban wurin da ya gurza.

Sista ta taho a hankali, dafe da kafaɗar 'yarta. Tana hango motar ta saki kafaɗar.

"Wa ya fito da ita ba a tambaye ni ba?"

Ta bi ta bayan motar tana shafawa, ta tsaya a kan lotsawar nan ta baya, ta sa yatsa a ciki. Ta ɗago ta kalli Injiniya, wanda shi ne ya fi kusa da ita.

"Ka ga wannan? Babban ɗana ne. Yana shekara goma sha biyar ya sace makulli ina barcin rana, ya je ya daki turken wuta. Ya dawo ya ce mini wai akuya ce ta tunkuye ta." Ta yi 'yar dariya. "Akuya mai ƙahon ƙarfe. Na ƙyale shi, don na ga jikinsa na rawa. Babansa ya so a kai a buge, na ce a bar masa ya riƙa gani. Yaron kirki ne, sai dai gaggawa. Ka san shi?"

Injiniya ya ce, "Na san shi, Sista."

"In ka gan shi ka ce ya riƙa cin abinci."

Ya juya ya fuskanci bangon kwano, makullin hannunsa ya daina ƙara. Ita kuwa ta wuce gaba, ta ture Baba da bayan hannu kamar labule, ta ɗaga mariƙin ƙofa ta bangaje ta da ƙugu, ƙofar ta buɗe ba gardama. Ta zauna, kujerar ta karɓe ta. Ta murza gilashi ƙasa, ta ɗora gwiwar hannu a kan wurin nan da ya cinye, ta gyara madubi. Ta shiga ba 'yarta labarin wata mata da ta haihu a kujerar baya a bakin gada, ana ruwan sama, 'yan biyu, ta faɗi har nauyinsu. Malama ta ce rabon da ta ji ta yi magana mai tsawon haka an fi shekara.

Sai da za ta fito ne idonta ya sauka a kan tabon. Ta sunkuya, ta cire tabarau ta mayar.

"Wa ya yi wannan?"

Injiniya ya matso zai yi magana, Baba ya riga shi. "Ni ne, ranki ya daɗe."

"Me ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba."

"To ka gyara. Kuma kada in ga ka taɓa wani wurin."

Sifana ya toshe baki ya shige bayan wata babbar mota, ana jin dariyarsa daga can. Injiniya ya jawo Baba gefe, idonsa ja.

"Yadda ta ce, Baba. Kujerun ma a bar su."

Nan Baba ya shiga aikin da ya fi kowane wahala a rayuwarsa. Haɗa launin kamfani ba komai ba ne a wurinsa, amma wannan launi ne da rana da ruwa da sabulu suka yi shekara ashirin da wani abu suna haɗawa. Ya jera murafun kwalba a kan benci, yana ɗiga rawaya da tsinke, yana ƙara baƙi kamar kan allura, yana shafawa a guntun kwano ya bari ya bushe ya kara a jikin ƙofar. Wanda ya dace da safe, da rana sai ya yi haske. Wanda ya dace da rana, da yamma sai ya yi shuɗi-shuɗi. Bindigar ma bai ɗauko ba, don feshi zai wuce iyakar tabon. Ɗan siririn buroshi ya samo a wurin mai rubuta allon shaguna, ya yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, shafi bakwai, kowanne sai ya bushe ya goge da samfefa mai laushi kamar takarda.

Kwana huɗu ya yi. Da ya gama, kanikawa suka taru aka ce su nuna wurin, biyu suka nuna inda ba shi ba. Injiniya ya tsuguna ya duba ya ce shi bai ga komai ba. Baba dai yana gani. Daga taku goma, in rana ta karkata, ga shi nan kamar inuwar tafin hannu.

"A ba ni kwana ɗaya in ƙara shafi guda."

"Gobe zan tafi, Baba, kuma na yi mata alkawarin yawo yau. Ku shigo ku biyu, ai da ku za a je."

Aka kawo Sista aka zaunar da ita a gaba, Malama da dattawan biyu suka matsu a baya, Sifana na ƙorafin Baba ya zauna masa a kan riga. Injiniya ya kama sitiyari. Giyar a jikin sitiyarin take, kuma rabonsa da irinta tun yana saurayi. Ya saka ta ɗaya ta yi ƙara, motar ta yi tsalle.

"Kai direba, kuloci ake fara takawa," in ji Sista. "Wa ya ba ka lasin?"

"Ke kika koya mini, Sista."

"Ƙarya kake. Wanda na koya wa ba ya yin haka."

Suka fita titi a hankali. Masu shaguna na leƙowa, wani mai babur ya biyo su yana tambaya ko ta sayarwa ce, wani dattijo a bakin kantin magani ya miƙe tsaye ya ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗaga masa ba tare da ta juya ba. Baba bai ga ko ɗaya ba sosai, hankalinsa na kan ƙofar, yana lissafin ɗigon rawayan da ya kamata ya rage.

A mahaɗar hanya ta biyu, daidai lokacin da fitila ta ba su hannu, injin ya yi shiru. Injiniya ya murza makulli, ya sake murzawa. Motocin baya suka ɗauki ham.

"Aikin wa ke nan?" Baba ya tambayi Sifana.

"Mai ne bai hau ba. Fito mu tura, surutu ba ya tayar da mota."

Suka fito su biyu da Malama, suka dafa but. Baba ya cire hularsa ya shimfiɗa a ƙarƙashin tafin Sifana don kada baƙin mai ya taɓa fentin. Suka tura, ɗaya na tari ɗaya na zagin kafireta, Sista ta leƙo da kai ta taga tana ce wa direba ya sa ta biyu, ta biyu aka ce, ya saki kuloci in ta ce ya saki. Ta ce ya saki. Motar ta shure, ta tashi, ta yi gaba da mutum biyu a ciki, don Injiniya na tsoron tsayawa kada ta sake mutuwa. Su ukun suka bi ta da sauri-sauri a gefen titi, Malama riƙe da takalminta a hannu, suna ɗaga masa hannu ya jira su a gangaren gaba.